Tahani a Kujerar Baya

Ga mutanen da wannan labari ya shafa, don kada mai karatu ya ruɗe idan sun shigo. Akwai Usta Zaglul, direba (Usta laƙabi ne da muke kiran direba ko mai sana'a da shi), mutumin unguwarmu ta Bulak Dakrur a birnin Alƙahira, da matarsa Ni'imat, da 'yarsu Tahani, wadda ita kaɗai Allah ya raya musu. Akwai Madam Safinaz ta unguwar Zamalik, uwargijiyar da Usta Zaglul yake tuƙawa, da ɗanta Shadi. Sai Shahata, mai gadin ƙofar wata kwaleji, da Usta Fahim, direba shi ma, abokin zaman jiran Zaglul. Ta ƙarshe ita ce Dakta Mirfat, mai karɓar sababbin ɗalibai a kwalejin. Ban da waɗannan, babu wanda ya yi abin da zai sa a kama sunansa.

Ranar da sakamakon jarrabawar gama sakandare ya fito, Ni'imat ta leƙa ta taga ta rangaɗa guɗa har mai gugar da ke ƙasan bene ya ƙona rigar wani. Kafin azahar an zagaya lungu da jan sharbat, kowa ya sha ya sa albarka. Tahani ta ci, ci irin wanda ba a saba gani ba a lungunmu, ƙofofi biyu kuma suka buɗe mata. Ta farko ita ce sashen koyon aikin injiniya a babbar jami'ar gwamnati, wadda hanyar jirgin ƙasa ce kawai ta raba ta da unguwarmu. Daga kan rufin benensu, inda Ni'imat take shanya take kiwon agwagi, ana hango ƙubbarta, ana kuma jin bugun agogonta. Ta biyu wata kwaleji ce ta masu hali, can a sabon gari cikin hamada, wadda ta ba Tahani gurbin karatu kyauta saboda ƙoƙarinta.

A kan wannan aka yi ta muhawara a gidan, kowace safiya, a gaban kwanon wake da burodi.

Ni'imat ta ce, "Ga makaranta a bayan gida, in na ƙwala mata kira daga kan rufi sai ta amsa. Me zai kai yarinya hamada? Raƙuma za ta koya wa lissafi?"

Zaglul ya ce, "Ke dai, Ummu Tahani, ki tsaya a kan agwaginki. Wannan ta bayan gidan, ɗalibi ba ya samun wurin zama sai ya yi sammako kamar mai neman burodin gwamnati. Malami yana can ƙasa kamar ƙwayar wake, bai san sunan kowa ba. Can kuwa fa? Ciyawa shar a tsakiyar rairayi. Ɗakin karatu na gilashi tun daga ƙasa har sama. Malami ya san sunan ɗalibi, ya san na ubansa."

Zaglul bai faɗi wannan a kan ji-ta-ji-ta ba. A wannan kwaleji Shadi ya yi karatu, shi ne kuma ya riƙa kai shi yana ɗauko shi har ya gama. Duk tsawon shekarun nan yana zaune a rumfar direbobi, a gefen inda ake ajiye motoci, yana kallon 'ya'yan mutane suna hawa matakalar marmara da kofin gahawa a hannu. Sau da yawa ya kan ce a ransa, da Tahani ce ta sami wannan wuri, da ta wuce su duka.

Tahani ta tambaye shi, "Baba, ka taɓa shiga ɗakin karatun?"

Ya ce, "Na gan shi ta gilashi, ai gilashin don gani aka yi shi."

Ta yi dariya. Ita kanta zuciyarta ta fi karkata can, don ta ji labarin injunan da suke da su, waɗanda ɗalibi yake taɓawa da hannunsa, ba a hoto ba. Sai dai tana jin tsoro, ba ta kuma faɗa wa kowa ba.

Kwalejin ta sa ranar da sababbin ɗalibai za su zo tare da iyayensu, su ga wuri, kafin kowa ya yanke shawara. Ni'imat ta ce gwiwoyinta ba za su kai ta ba, ko da yake kowa ya san baƙar rigarta ce take jin nauyin shiga da ita. Madam Safinaz, da ta ji labari, ta ce, "Ɗauki motar, Zaglul. Kada ka kai 'yarka a bas ta isa duk ta yamutse." Ya yi mata godiya har sai da ta ce ya isa.

Da safiyar ranar ya wanke motar a bakin lungu, ya goge ta har tana ɗaukar ido. Ya sa tufafinsa mafi kyau, wato baƙar kwat da Madam ta saya masa don aiki. Ba shi da wata da ta fi ta, bai kuma tsaya ya yi tunanin cewa duk wanda ya gan ta a Alƙahira ya san ta wace sana'a ce ba. Tahani ta sauko cikin shuɗin mayafi da takalmin da uwarta ta shafe da mai. Ta miƙa hannu za ta buɗe ƙofar gaba, sai ya riga ta, ya buɗe ta baya, ya ɗan rusuna.

Ya ce, "A'a. Yau ke hanim ce, uwargijiya sukutum. Bismilla, ranki ya daɗe."

Ta ce, "Haba, Baba, mutane suna kallo."

"Su kalla mana. Ai don su kalla na wanke ta."

Maƙwabta suka yi shewa, ita ma ta shiga tana dariya. Wasa ne, babu wanda ya ɗauke shi wani abu. Amma a garinmu kowa ya sani, wanda ya zauna kusa da direba nasa ne, wanda ya zauna a baya ta hannun dama kuwa shi ake yi wa aiki. Butar shayinsa da tsumman goge gilashi suka ci gaba da zamansu a kujerar gaba, inda suka saba.

Hanyar ba baƙuwarsa ba ce, hannuwansa ma sun san ta. Suka haye kogi, suka bar cunkoso, gidaje suka yi ta raguwa har rairayi ya bayyana. Tahani tana ta zuba surutu daga baya, shi kuwa yana dubanta ta madubi yana cewa "to" da "haka ne", daidai yadda ya kan amsa wa Shadi. A haka har ƙofar kwalejin ta bayyana.

Shahata ne a bakin ƙofa. Da ya hango fuskar direban sai ya buɗe hannuwa.

"Usta Zaglul! Ashe kana duniya? Tun da Shadi Basha ya gama ka yar da mu!" Ya ɗan sunkuya ya dubi bayan motar, ya rage murya. "An sake gidan aiki ne? Sabuwar hanim ce?"

Motoci sun yi layi a baya, wani ya fara danna ham. Cikin wannan ɗan lokaci Zaglul ya ga abin da zai biyo baya, ko kuwa abin da yake tsammani zai biyo. In ya ce 'yarsa ce, kafin azahar duk rumfar direbobi ta ji. Kafin magariba kowane direba ya gaya wa mai gidansa a hanyar komawa, don da irin wannan labari ake rage nisan tafiya. Kafin a fara karatu kowane yaro a makarantar ya san wannan mai shuɗin mayafin 'yar direban su Shadi ce. Ya tuna yadda ya sha jin yaran nan suna maganar masu yi musu aiki, a bayansa, a cikin motar da yake tuƙawa, kamar ba shi da kunne.

Sai ya ji bakinsa ya ce, "E, sabuwa ce."

Ya saci kallon madubi. Tahani tana duban waje. Ya gaya wa kansa ba ta ji ba.

A cikin harabar hanya ta rabu biyu, ta dama inda iyaye suke ajiye motocinsu su shiga da 'ya'yansu, ta hagu inda direba yake sauke mutum a gindin matakala ya wuce. Ya bi ta hagu. Ya fito, ya zagaya, ya buɗe mata ƙofa.

Ya ce, "Shiga, 'yata. Bari in ajiye mota, ina nan tafe."

Ta ce, "Kada ka daɗe, Baba. Ban san kowa ba a nan."

Ya ajiye motar. Ya tsaya a gefenta yana duban matakalar, inda maza masu furfura irin tasa suke hawa riƙe da hannun 'ya'yansu. Ya gyara wuyan kwat ɗinsa, ya yi niyyar binsu, amma ƙafafunsa suka kai shi rumfa.

Usta Fahim yana nan a wurinsa na kullum, da ƙwayar carbi a hannu ɗaya da kofin shayi a ɗaya.

"Wa nake gani haka? Tsohon ɓarawon sukarinmu ya dawo! Matsa masa, ku ba dattijo wuri. 'Yar gidan wa ka kawo? Ba ta yi mini kama da 'yan Zamalik ba, na ga ta ce maka wani abu kafin ta tafi. Su waɗancan ai ba sa yi wa direba sallama."

Zaglul ya ce, "'Yar wani likita ce, daga Iskandariyya suka taso."

"Ka dace, ka sami masu tarbiyya. To ina tamu 'yar, mai ƙwaƙwalwar nan da ka ishe mu da labarinta? Ba bana za ta gama ba?"

Zaglul ya karɓi shayin da aka miƙa masa. Ya ce, "Ta gama. Jami'ar gwamnati za ta shiga."

Fahim ya ce, "Masha Allah. Nan ne namu. Allah ya yi mata albarka."

Aka ci gaba da hirar tsadar taya da halin iyayen gida. Zaglul yana ta cewa a ransa, yanzu zan tashi, da na shanye wannan zan tashi. Aka ƙara masa wani kofi, ya karɓa.

A can cikin zauren taro kuwa, an kira ɗaliban da aka ba gurbin kyauta ɗaya bayan ɗaya, kowa ya miƙe tare da mahaifinsa a tafa musu. An ajiye kujera a sahun gaba da sunan Zaglul a jikinta. Da aka kira Tahani ta miƙe ita kaɗai. Bayan an tashi, Dakta Mirfat, mace mai kirki, ta ce mata, "Zo mu nemo shi, wataƙila ya ɓata ne. Wurin nan yana ruɗa baƙo."

Zaglul yana zaune sai ya ga direbobi suna miƙewa suna ɓoye taba a bayansu. Ya ɗaga kai. Ga Tahani a bakin rumfa, ga wata mata mai tabarau a gefenta tana dube-dube.

Matar ta ce, "Ina mahaifin naki, 'yata? Kin ce nan wajen motoci ya yi."

Tahani ba ta nuna shi da hannu ba. Ta dube shi kawai, tana jira. Fahim yana gefensa na dama, Shahata ma ya taho shan ruwa yana tsaye a bayansa. Kalma ɗaya ake nema daga gare shi. Amma jikin da ya shekara da shekaru yana miƙewa in an zo bakin rumfa ya riga zuciyarsa. Ya tashi, ya ɓalla maɓallin kwat, ya haɗa ƙafafu.

Ya ce, "Na'am, hanim. A kawo mota?"

Ya ga fuskarta ta sauya, kamar an kashe fitila a ɗaki. Ta dubi mutanen da ke kewaye da shi, ta gane cewa in ta yi magana za ta mai da ubanta maƙaryaci a gaban abokansa. Sai ta juya wajen Dakta Mirfat.

Ta ce, "Ki gafarce ni, Dakta. Mahaifina bai sami zuwa ba." Sa'an nan, ba tare da ta dube shi ba, ta ce, "Kawo motar, Usta."

Da ya kawo, ba ta jira ya buɗe mata ba. Ta buɗe ƙofar baya da kanta ta shiga. Suka bar hamada, suka shiga cunkoso. Bai iya duban madubi ba ko sau ɗaya, har wani mai babur ya zage shi. Sai a kan gada ya ce, "Don ke na yi, Tahani."

Ta ce, "Na sani."

A gida Ni'imat ta tare su a kan matakala. "Yaya wurin? An ba ku abinci? Me suka ce da suka ga Abu Tahani cikin kwat?" Tahani ta ce wuri ne mai kyau ƙwarai, ta shige ɗaki. Zaglul ya ce kansa yana ciwo. Ni'imat ta dubi wannan, ta dubi ƙofar waccan, ta kwashe abincin ba tare da ta ƙara tambaya ba.

Bayan 'yan kwanaki, da la'asar, Tahani ta same shi a kan rufi yana watsa wa agwagi ɓarɓashin burodi, aikin da ba nasa ba. Tun ranar nan yake guje wa zama da ita.

Ta ce, "Baba, na zaɓa. Waccan zan shiga." Ta nuna ƙubbar da ke hayin hanyar jirgi.

Ya ce, "Kada ki yi haka. Kada ki jefar da abin da Allah ya ba ki saboda wautar tsoho. Ba zan ƙara taka wurin ba, na rantse. Babu wanda zai sani."

"To ai shi ne, Baba. Babu wanda zai sani. In yi shekarun karatuna duka ina 'yar likitan Iskandariyya." Ya ɗago kai a firgice, ta ce, "Usta Fahim ya yi mini addu'a da za mu tafi, ya ce in gaishe da likita. Kuma a bakin ƙofa ma na ji abin da ka ce wa mai gadi. Na ɗauka wasan safe ne bai ƙare ba." Ta ƙara da cewa, "Ranar da zan karɓi shaidar gamawa fa, wa zai zauna a kujerar? Likitan?"

Ya ce, "Zan koma in gaya musu gaskiya."

"Ka je, amma don kanka. Ni ma fa na yi ƙarya. Bakina ne ya ce ubana bai zo ba, alhali yana tsaye a gabana. Bakina ne ya ce maka Usta. Duk lokacin da na tuna matakalar nan, abin da nake ji ke nan. Ba zan iya karatu a wurin ba."

Ya buɗe baki zai ce laifin nasa ne shi kaɗai, sai ya ga hawaye a idonta, ya koma watsa wa agwagi burodi.

Ranar hutunsa ya sa jallabiyarsa ta zaman gida, ya hau bas, ya sake hawa wata, ya ƙarasa kwalejin da ƙafa cikin rana. Shahata bai gane shi ba sai da ya matso. Zaglul ya ce masa ya biyo shi rumfa, yana da magana. A tsaye ya faɗe ta, idonsa a ƙasa: yarinyar nan ba 'yar likita ba ce, Tahani ce, 'yarsa ta cikinsa, kwalejin ce kuma ta neme ta da kanta.

Ya shirya wa dariya, ya shirya wa gori. Abin da bai shirya wa ba shi ne Shahata ya rungume shi har hularsa ta faɗi.

Fahim ya buga cinya ya ce, "Allah ya shirye ka, Zaglul! 'Yarmu ta hau matakalar nan, ka zauna kana shan shayinmu kana yi mana tatsuniyar likita? Shekara nawa muna gasuwa a rumfar nan, ko ɗan ɗayanmu bai taɓa taka marmarar nan ba! Ai da mun sani da a kafaɗa za mu shigar da ita. Kai, a kawo lemo, yau ni zan shayar da kowa! Yaushe injiniyar tamu za ta fara?"

Zaglul ya ce, "Ba za ta zo ba."

"Me ya hana?"

"Ni."

Can Fahim ya ja carbinsa ya ce, "Wa ya sani, wataƙila da yaran nan sun ci mata fuska. Ka san halinsu." Don ya sanyaya masa rai ya faɗa, Zaglul ma ya san haka. Aka kawo lemon, babu wanda ya ji daɗin shansa.

Ranar da aka buɗe jami'ar gwamnati, Tahani ta ce shi zai raka ta. Suka haye gadar ƙafa ta kan hanyar jirgi, suka kutsa cikin taron ɗalibai da masu sayar da gasasshen dankali da masu tallar littattafai. Ta saƙala hannunta a nasa ba ta saki ba. A bakin ƙofa mai gadi ya tare shi ya ce ɗalibai kaɗai ke shiga.

Ta ɗaga murya yadda na kusa da na nesa za su ji, ta ce, "Babana ne."

Mai gadin ya ce, "Allah ya bar miki shi. Amma dai a nan zai tsaya."

Ya tsaya a nan, yana kallon shuɗin mayafinta har ya ɓace cikin dubban kawuna. Babu ciyawa shar, babu gilashi daga ƙasa har sama. Ya daɗe a wurin kafin ya juya.

Tahani tana nan tana karatunta, takan yi sammako don ta sami wurin zama, wani lokaci kuma a kan matakala take rubutu. Ba ta taɓa yi masa gori ba. In Madam ta ba shi mota ya rage wa Tahani hanya, shi da kansa yake kwashe butar shayi da tsumma daga kujerar gaba tun kafin ta sauko. Amma in maƙwabci ya ce masa 'yarsa ta yi hankali da ta zaɓi makarantar kusa da gida, sai ya sunkuyar da kai ya nemi wata maganar.

Iyakar abin da ya zo mini ke nan. Ban kama alƙalami ba sai da gemuna ya fara fari, saboda haka duk wanda ya ga inda na karkace, ko a suna, ko a tsarin magana, ko a yadda abin ya gudana, ina roƙonsa ya miƙe shi, ya kuma yi mini uzuri.